Fatanti

Shekara ukku ina yawo da bashin fatanti
kamar ƙaya a tafin ƙafa.
In Nomau ya ɓullo layin teloli da jakar takardu,
sai in bar zare a bakin allura,
in ce wa yaro: ka ce na tafi Jibiya.

Yau Cima ta zo da talho, ta zauna kan buhun ƙyalle.
Baba, kawo lambarka.
Ta latsa. Sai ga asirina a gilashi:
jika arba'in da bakwai, har da tarar jinkiri,
ko dala ba a manta ba.

Na ce ki gaishe shi tukuna, ki tambayi iyali,
ki ce kasuwa ta kwanta tun bayan salla.
Ta yi dariya: Baba, wannan ba ya shan shayi.

Rezo ya ɗauke. Na ce alhamdu lillahi.
Rezo ya dawo.
Ladar ɗinkin biki huɗu
ta fice, ba yawu a yatsa, ba ƙirga,
ba wanda ya ce Allah amfana.

Saƙo ya shigo: an karɓa.
Duk da haka na aika Ɗan Gulbi aka bugo shi a takarda,
na kafa da ƙusa saman keke.

Da la'asar Nomau ya gitta, bai ko waiwayo ba.
Ni na kira shi.
Shayi na kan wuta,
kuma ban san da wa zan yi gardama ba.