Ƙwan da Orval Ya Zana

Shekarar da fari ya cinye masararmu a Iowa,
Orval Tiedeman ya hau tarakta da hantsi,
bai ce wa matarsa uffan ba.
Ya zana ƙwai a tsakiyar gona,
rabin mil, kwana huɗu, babu kwalta.
Maƙwabta suka jingina da shinge suna cewa
bashin banki ya taɓa masa kai.

Ya kwaso jan yumɓu daga gaɓar rafi,
tifa arba'in, ya shimfiɗa, ya daɓe.
Katakon rumbun da ya rushe ya zama benci.
Asabar ta farko motoci tara suka zo,
uku suka ga ƙarshe.
Ɗaya ta ratsa ta cikin akurkin kaji,
Velma ta riƙe makullin sai da direba ya biya.

Ni daga baya na zo. Ni ne mai tankar ruwa,
shekara talatin da ɗaya ina shayar da ƙasa.
In ta sha da yawa ta yi santsin kuɓewa,
in ta ji ƙishi ƙura ta rufe fitila.
Orval ya koya mini: sa diddige ka murza,
in ta riƙe takalmi kaɗan ta saki, ta ƙoshi.

A nan ba a juyawa dama, hagu ce kullum.
Mota kan shiga kwana a karkace,
hanci ciki, gindi waje,
tana watsa laka a gahawar 'yan bencin gaba,
su ko su hure su shanye abinsu.
Rurin inji a haƙori ake jin sa.
Fasto ya kai ƙara sau biyu, wai an hana shi barci,
Asabar ta uku aka gan shi a layin tikiti
ya ja hula har gira.

Kwana ta uku ita ce maciya amana.
Ina yaro a benci, hannuna da gugguru,
Dewey Pruett ya hau katanga ya tashi sama,
lamba sha ɗaya, fenti ruwan ɗorawa.
Aka kashe injuna.
Har kukan gyare muka ji.

Ba a sake ba kowa lambar ba
sai da 'yarsa Nadine ta girma,
ta harhaɗa mota a garejin kawunta,
ta zana ɗaya da ɗaya a ƙofa da hannunta.
Daren da ta ci tsere ba ta je karɓar tuta ba.
Ta taka birki a kwana ta uku,
ta fito, ta cire hular kwano, ta zauna a ƙasa.
Na iso da tanka na kashe fitila na jira.
Ba wanda ya ce ta tashi.

Sai masana'antar nama ta rufe,
samari suka bi aiki birni.
Inshora ta hau, taya ta yi tsada,
benci ya fara nuna haƙarƙari.
Orval ya kwanta dama, jikoki suna California,
takarda ta zo da sa hannu uku.
Daren ƙarshe na zuba ruwa kamar kullum,
na ƙara zagaye biyu da ba a sa ni ba.

Yanzu waken soya ne a wurin.
Amma ƙasar da taya ta daɓe shekara hamsin
ba ta sakin jiki da saiwa.
Hau gadar jirgin ƙasa cikin Agusta ka duba:
ganye kore shar, sai wani zobe
gajere, mai ɗan rawaya,
rabin mil, kwana huɗu.

Sabon manomin ya zuba taki, ya kira masana.
Jiya ya tare ni a shagon Hulda,
wai an ce na san halin wurin, me zai yi?
Na ce ka ba ta ruwa da yamma,
ka sa diddige ka murza.