Awon Yatsa

Alhaji Na-Tibiri ya dawo daga Gwanzu
da kwantena biyu na takalma
da takarda guda mai hoton mutum tsirara,
an zuba masa ɗigo-ɗigo daga goshi har diddige
kamar jikin zabuwa.
Ya ce sunan abin cigon:
ka tsaya da asuba, ka ja iska, ka sake ta,
ka danna inda ɗigon yake.

Ni da keken ɗinki ya cinye wa wuya
shekara talatin da huɗu a Babbar Kasuwa,
na ce a ba ni aro.

Ranar Laraba, bayan sallah,
gindin dogon-yaron ƙofar gidana a Bagalam,
na riƙe numfashi kamar mai nutso a Madarumfa,
na kafa babban yatsa gefen maƙogwaro
inda jijiya ke harbawa,
na danna da ƙarfin mai ɗaure buhun gyaɗa.
Sai gari ya yi duhu.
Na farka, akuya na taunar hulata.

Majo Harisu ya zo gaisuwa,
shi da ya aje aiki a babbar likita,
ya taɓa riƙe wa wata likitar Sin faranti
tana jera allurai siraran gashi.
Bai yi dariya ba sai da ya shanye shayinsa.

Ya ce: Ɗan wanzami, har kai?
Ubanka Jari bai taɓa kafa ƙaho ba
sai ya lalubi bayan mutum da tafin hannu
kamar mai neman ruwa a yashin gulbi.
Takarda ba ta san ka ba.
Mutumin cikinta ba shi da ƙashi,
ba shi da hawan jini,
ba ya faɗuwa.
Ka taɓa yanka wa Na-Tibiri riga
da awon ɗansa?

Ya juya hannuna, tafi na kallon sama.
Ga layin wuyan hannu, in ji shi,
jera yatsu uku daga nan,
naka, ba nawa ba.
Inda na ukun ya ƙare,
tsakanin jijiya biyu masu tauri kamar igiyar guga,
akwai ɗan kwari. Ka ji shi?
Na ji shi.
Wani tsami mara zafi
ya tafi a hankali har gwiwar hannu.

Ƙasan ƙoƙon gwiwa yatsu huɗu,
ka kauce wa ƙashin ƙauri da faɗin yatsa ɗaya.
Naman tsakanin babban yatsa da manuni,
wannan kada ka gwada wa surukarka Fassuma,
tana da juna biyu.
Kumburi, rauni, jijiyar da ta fito ta murɗe,
ka ba su hanya.
Wuya kuwa, ka bar wa Mai wuya.
Allura ta waɗanda suka yi karatunta ce,
taka ta tsaya a kan shadda.

Na ce: To numfashin fa?
Ya ce: Wa ya ce ka ɗaure shi?
Baƙo ne. Ya shigo, ya fita.

Yanzu kullum kafin masu kabu-kabu su tashi gari
ina tsaye, gwiwa a sake,
ina ƙirga uku a hannun hagu.
Wata rana in samu kwarin nan take,
wata rana in yi ta lalube.
Wuyan bai warke ba,
amma jiya an kira ni daga baya
na waiga ban juya kujera ba.

Takardar na mayar.
Hular ce dai ba ta ɗinku ba.