Hannun Da Na Miƙa

Shekara goma sha tara ina tuƙa kwale-kwale
a gefen mutumin da ba ya shiga jirgi.
Shi cikin ruwa, ni sama da filafili,
tsakaninmu kamu huɗu da doka guda:
kada ka taɓa shi, Nomau.
Ko ya kira sunan uwarsa, kada ka taɓa shi.

Arzika ɗan Sarkawa ne, amma bai gaji koma ba.
Tsaransa na faɗawa Rima su fito da tarwaɗa,
shi ya faɗa ya fito hannu Rabbana.
Ubansa ya ce, wanga wane irin su na,
a wuni cikin gulbi a komo gida da yunwa kaɗai?

Wani malamin wasanni, Jabbi, ya gan shi a Wurno,
ya kai shi birni, tafkin siminti mai warin magani,
inda ake iyo mita hamsin a bugi bango a juyo,
a bugi bango a juyo.
Ya ciyo musu tagulla biyu, azurfa ɗaya,
ya dawo ya ce mini, ruwan can ba shi zuwa ko'ina.

Sai muka koma Goronyo, bayan madatsa,
inda ido ke gajiya kafin ya kai gaɓa.
Da asuba nake shafa masa man kaɗanya
a hammata, a wuya, inda fata ke cin fata.
Wannan ce taɓawar ƙarshe.
Daga nan sai sanda:
goran kunu ɗaure a bakinta, dabino uku,
duk rabin sa'a in miƙa,
ya sha a rigingine, ya wurgo mini goran.

Na san ƙidayar hannunsa fiye da kuɗin aljihuna.
Sittin da huɗu a minti, lafiya lau.
Sittin, yunwa ce.
Hamsin da biyar, ya fara hira da waɗanda suka riga mu.
Ya taɓa ce mini bayan sa'a bakwai
kana jin kakarka na daka a ƙasan tafki.

Ranar da ya so ya ƙetare ya dawo ba hutu,
iska ta juya bayan la'asar.
Sa'a goma sha ɗaya. Fitilun gaɓa sun fito,
masu albasa sun hau tudu suna kiran sunansa.
Na ƙirga arba'in da takwas. Na ƙirga arba'in.
Na kira shi, ya amsa mini da sunan wani.
Leɓensa ya koma launin toka,
hannun hagu na shiga ruwa ba ya kamo komai.

Na ajiye filafili.
Na cafke shi a wuyan hannu.

Wata biyar bai ce mini kanzil ba.
Sahu ɗaya a masallaci, kafaɗarsa na gogar tawa,
ana sallamewa ya ɗauki takalmansa.
Yana gaya wa mutane abin da ya rage
bai fi tafiyar yarinya da tulu a ka ba.
Ni kuwa na ga abin da na gani.

Yanzu kafaɗar dama ta ƙi wuce kunne.
Albasa yake nomawa a fadama,
lambobin na cikin gwangwanin madara da allura da maɓallai.
Tun da jirgin 'yan kasuwa ya kife bara waccan,
Juma'a da yamma yakan tara yara a mashaya,
ya sa tafinsa ƙarƙashin cikinsu ɗaya bayan ɗaya:
shura, numfasa, kar ka yi faɗa da shi.

Jiya ya shigo zaurena da goro biyu.
Muka yi shiru har inuwa ta sauka daga bango.
Ya ce, Nomau, ranar nan, nawa kaƙ ƙidaya?
Na ce, arba'in.
Ya tauna goronsa a hankali, yana duban ƙofa.
Ya ce, ni cikin kaina saba'in nika ji.