Saura Ɗigo Sha Uku

Ranar Talata aka liƙa takardar
a allon katako, daf da ofishin Madam Kangyang.
Ba suna, lamba kawai.
Amma na gane tawa tun daga nesa,
yadda uwa ke gane kukan ɗanta a gidan biki.

Biyu da ɗigo tamanin da bakwai.
Doka ta ce uku.
Ƙasa da uku, zango ɗaya na gwaji;
ka sake gazawa, ka tattara komatsanka.
Yana nan a shafi na sha tara
na littafin da aka ba mu ranar rajista,
wanda na cusa ƙarƙashin ƙafar tebur don ya daina rawa.

Me ke cikin ɗigo sha uku?
Akwai Larabar da aka yi gwajin Ƙididdiga
ina layin asibiti, Barira a kafaɗa, jikinta kamar garwashi.
Akwai mako biyu na dokar hana fita,
ni a kulle a Gangare,
kwalaben ruwana na lalacewa a Naraguta.
Akwai aji uku da nake koyarwa da safe,
in iso lacca da garin alli a gira.
Na so in faɗa wa takardar duk wannan.
Takarda ba ta da kunne.

Babana leburan kuza ne a Bukuru.
Yakan ce: Safiyanu, sikeli bai san gumi ba.
Ka wuni a rami, ruwa har ƙugu,
ka kawo kwanonka, akawu ya ɗora,
in allura ba ta kai jan layi ba
sai ya ce, koma ka ciko.
Ba zagi, ba murmushi.
Yau ramukansu sun zama tafkuna,
ni kuma ruwansu nake ɗiba a kwalba,
ina auna dalmar da ke kwance ciki,
in rubuta kundin da zai ce a sha ko kar a sha.
Ga mai awo an ɗora shi a sikeli.

Dakta Davou ya kira ni.
Ya turo min kofin shayi,
sanyin Jos na kutsowa ta tagar da ba gilashi.
Ya ce, “Gwaji ba kora ba ne.
Kwas biyu za ka maimaita.
Duk ƙarshen wata ka kawo rahoto in sa hannu.”
Sai ya ja durowa, ya yi jim, ya mayar.
Bai ce komai ba.
Na dai hango gefen wata tsohuwar takarda,
ta yi ja don daɗewa,
hatiminta irin na tawa.

A unguwa tuni ake ce min Mai Mastas,
surukina ya gama shela a ƙofar masallaci.
Lawiza kaɗai na gaya wa, tana feraye dankali.
Ba ta ɗago ba.
Ta ce, “Wata nawa?” Na ce huɗu.
Ta ce, “To ka ajiye darasin yamman nan,
ni na ƙara kwano ɗaya a awara.”
Wuƙa ta ci gaba da zagaye.

Yanzu kafin kiran assalatu nake tashi,
bargo a kafaɗa, fitilar waya a haƙori,
ni da Ƙididdiga, maƙwabtan da suka yi faɗa
alhali rijiyarsu ɗaya.
Na zaro littafin doka daga ƙarƙashin tebur,
na karanta shi kaf, har abin da bai shafe ni ba.
Tebur ya koma rawa.
Na ƙyale shi, ai ba shi kaɗai ba ne.

Gobe Asabar, tafki na bakwai, can bayan Du.
Kwalabe sha biyu a jaka, igiya, safar hannu.
Zan durƙusa a bakin ruwan nan mai launin tsanwa
da ba wanda ya san zurfinsa,
in ce: Baba, ni ne.
An ce in komo in ciko.