Ɗakin Wanki

Shekara ashirin da shida ina wanke rigunan 'yan ƙwallon kwando
a ƙarƙashin zauren wasa, inda babu taga.
Inji na juyi, ni ma ina juyi,
a bisa kaina mutum dubu tara na ihu,
silin na rawa duk sanda ƙwallo ta faɗa raga.

Sunana Lorraine Petrak. Ku rubuta.
Wancan karon babu wanda ya rubuta.

Daren Alhamis ne, cikin Yuli,
lokacin da kwaleji ke tara yara su koyi wasa.
Na dawo ɗaukar jakar da na manta.
Fitilar ɗakin sauya kaya a kunne,
motar Koci Brandvold ita kaɗai a fili.
Yaro ya fito, bai fi shekara goma ba,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Ya dube ni.
Ba kuka yake ba. Da kuka yake, da ya fi sauƙi.
Na ce, "Sannu."
Iyakar abin da na ce ke nan.
Koci ya biyo shi yana murmushi, ya dafa masa kafaɗa,
ya ce mini sai da safe.

Da safe na gaya wa Dwight, shugabanmu.
Dwight ya daɗe yana goge tabarau,
ya ce zai kai maganar sama.
Sama ta kai wa sama.
Bene hawa huɗu maganata ta hau,
kowane hawa tana ramewa:
abin tsoro ya zama abin da bai kamata ba,
abin da bai kamata ba ya zama wasa da ya yi yawa,
ta isa ofishin da ke da kafet
tana amsa sunan rashin fahimta.

Suka karɓe masa makulli ɗaya, suka bar masa shida.
Suka ce kada ya ƙara kawo yara nan.
Nan.
Mutum ya ga maciji a ɗakinsa
ya share shi a hankali zuwa gidan maƙwabci.

Ni kuwa na ce na sauke nauyi.
Lambar 'yan sanda uku ce tak, jikata ma ta haddace.
Amma ga bashin gida, ga ƙodar Walt,
kuma kwaleji ke biyan kuɗin asibiti.
Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba,
na haɗiye.
Dusar ƙanƙara ta sauka, ta narke, ta sake sauka.
Muka ci kofi biyu. Har da ni a tafi.

Shekara goma sha ɗaya.
Lauya ya ce yara tara, waɗanda suka iya magana.

Yanzu an kankare sunansa daga bango,
sai inuwar haruffan a jikin fenti.
An kafa kwamiti, an kunna kyandir,
shugaban kwaleji ya sa baƙin kwat
ya nemi a yi shiru na minti ɗaya.
Shiru?
Mu da muka ƙware a kansa?

A kotu na gan shi. Ya yi gemu, ya fi ƙofa tsawo.
Sunansa nasa ne, ba zan faɗa ba.
Ya ce, "Akwai wata mata da ta gan ni."
Babu fushi a muryarsa.
Ya ce, "Kwana uku ina zaune bakin taga,
na ɗauka wani zai zo."

Na san maganin kowane tabo.
Jini, ruwan sanyi. Cingam, ƙanƙara. Zufa, jiƙo tun dare.
Hannuna ya tsufa a cikin kumfa.
Har yau in na ninke tawul
sai in tsinci kaina ina duban ƙofa,
ina shirya abin da zan ce bayan "Sannu."