Bakwai Mai Karkatacciyar Ƙafa

A Liège, kusa da kogin Meuse,
ruwan sama na ƙwanƙwasa tagar shagon Thonet.
Maud ta kwance ƙyalle mai maiƙo:
libarbar kakanta, mai ramuka shida.
"Tun da ta bar maƙera ba a taɓa ta ba."

Tsohon bai tanka ba.
Ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya juya gidan harsashi, ya kasa kunne:
ƙas, ƙas, ƙas.
Ya shinshina katakon mariƙin,
ya bi tsatsa da farce,
don tsufa ma ana yi masa jabu.

Lambar bututu: biyu, huɗu, bakwai.
Ta ƙarƙashin mariƙi: biyu, huɗu, bakwai.
Sai dai bakwai ɗin nan
ta karkata ƙafa kamar mai ciwon ƙugu.

Ya san ta.
Shi ya riƙe fitila, yana ɗan shekara tara,
daren da mahaifinsa ya sassaƙa hatimin,
shekarar da babu gawayi a gidan.

"Nawa za ta yi?"
Ya cire gilashin, ya daɗe yana goge shi.
"A gwanjo, rabin abin da kike zato.
Ni kuwa zan biya duka."