Taɓawa Uku

A Wad Madani rana ba ta jiran kowa,
shi ya sa muke fita tun liman bai naɗe darduma ba.
Filin siminti ne, bayan sashen aikin gona,
ya tsage wuri huɗu, kowace tsaga ta san gwiwata.
Ragar kuwa Mawahib ce ta ɗinke ta
da zaren komar kawunta,
in iska ta taso daga Nilu
har yau tana ƙarnin tarwaɗa.

Maza sun samu bas da sababbin riguna.
Mu an ba mu ƙwallo biyu, ɗaya na sacewa,
da takarda mai hatimi: a dawo baɗi.
Ustaza Ihlas ta ninke ta, ta yi fifita da ita,
ta ce, ku miƙe, cinya ba ta karatun takarda.

Ni ce mai ɗagawa.
Taɓawa uku doka ta ba mu, tawa ce ta tsakiya.
Tahani ta tare da damtse, tana durƙushe,
ni in tallabe da yatsu goma,
in rataye ta a iska daidai inda Ishraƙa za ta iso.
Ita ke dirkawa, ita ake wa guɗa.
Wa ke tuna tsani in an hau soro?
Ban damu ba.
To, wani lokacin nakan damu.

Ran Juma'a na je Maiwurno da yatsa a naɗe.
Kakata Tasalla ta kama hannun ta juya,
ita da aka goyo daga Haɗeja za a Makka,
kogi ya tsai da su, suka shuka dawa.
Ta ce, wannan wane darasi ne a jami'a?
Na ce, Iya, abu ne da ba a bari ya taɓa ƙasa.
Ta daɗe tana mamular goro.
Ta ce, a saninmu biyu ne haka,
jinjiri da Littafi.
Ashe kun ƙaro na uku.
Ta tofa wa yatsan addu'a, ta bi shi da man riɗi.

Daren da 'yan Sinnar suka zo, aka ɗauke wuta.
Masu rakasha bakwai suka juyo mana fitilunsu,
ƙwari na yawo, inuwarmu ta fi mu tsawo.
Ƙwallon ƙarshe na ɗaga ta kusa da raga,
kusa ƙwarai.
Da maki biyu suka tafi.

Muna zaune a kan tsagar siminti, zoɓo ya huce,
Ishraƙa ta ce in koya mata kiran da yarenmu.
Na ce, ɗaga.
Ta ce, daga.
Na ce, a'a, harshe ya lanƙwasa: ɗaga.
Ta ce, daga, daga!
Na ƙyale ta.
Daga Haɗeja, daga Maiwurno, daga hannun Tahani,
duk ɗaya ne,
gobe da asuba dai sama zan tura ta.